Lasisin Masu Haɗa Gaɓoɓin Roba a Amurka: Abin da Ya Kamata Majiyyaci da Iyalinsa Su Sani

Idan aka yanke wa mutum ƙafa saboda ciwon suga ko hatsarin mota, tiyatar ita ce matakin farko na jinya. Mataki na biyu yana hannun wani ma'aikacin lafiya daban, wanda zai auna dungulmin ƙafar, ya haɗa ƙafar roba, sannan ya yi ta gyara ta har majiyyaci ya iya takawa ba tare da ciwo ba. Haka abin yake ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki kuma yake jan ƙafa, ko yarinyar da ƙashin bayanta ya karkace. Duk suna buƙatar wanda zai haɗa musu abin tallafar gaɓa daidai da jikinsu.

Tambayar da iyalai ba su cika yi ba ita ce: wa ya ba wannan mutumin izinin taɓa majiyyacinmu? A Amurka amsar ta danganta da jihar da kake zaune. Akwai jihar da doka ta hana kowa yin wannan aiki sai da lasisi, akwai kuma jihar da ba ta da irin wannan doka sam. Idan kana zaune a can, ko kana da ɗan'uwa da ke jinya a can, wannan bayani zai taimaka maka ka san abin da za ka duba kafin a fara awo. A ƙarshe za mu taɓa yadda tsarin yake a Najeriya da Gana.

Su wane ne waɗannan ma'aikata?

Aikin ya kasu gida uku:

1. Mai haɗa gaɓar roba. Shi ke maye gurbin gaɓar da aka rasa, kamar ƙafa, hannu ko yatsu.

2. Mai haɗa abin tallafar gaɓa. A nan gaɓar tana nan, amma ta raunana ko ta karkace. Misali shi ne ƙarfen ƙafa na masu shan inna, robar da ke riƙe idon sawu ga wanda ƙafarsa ke faɗuwa bayan shanyewar ɓarin jiki, da rigar roba mai tauri da ake sa wa yaro don hana ƙashin baya ci gaba da karkacewa.

3. Mai haɗa takalman jinya. Aikinsa ya tsaya daga idon sawu zuwa ƙasa, kuma masu ciwon suga ne suka fi zuwa wurinsa.

Mutum ɗaya yana iya haɗa aiki na farko da na biyu idan ya yi horon duka biyun. A ƙarƙashinsu akwai mataimaka, da masu aikin hannu a ɗakin ƙira, da masu gwada wa majiyyaci kayan da aka riga aka yi a masana'anta. Waɗannan duka ba likitoci ba ne. Likita ne ke rubuta takardar cewa majiyyaci na buƙatar kayan, su kuma su auna, su haɗa, su gwada, su ci gaba da bibiya.

Me ya sa lasisi ke da muhimmanci ga lafiyarka?

Mafi muhimmancin sashe a ƙafar roba shi ne kwanson da dungulmi ke shiga ciki, wanda ma'aikata ke kira soket. Duk nauyin jiki a kansa yake sauka. Fatar dungulmi ba irin ta tafin ƙafa ba ce, ba a halicce ta don ɗaukar nauyi ba. Saboda haka dole mai haɗawa ya san wuraren da ke jure matsi da wuraren da ƙashi ko jijiya ke kusa da fata, waɗanda ba a so a matse.

Idan aka yi kuskure a nan, fata takan yi ja, ta yi bororo, daga nan ta fashe ta zama gyambo. Ga mai ciwon suga hatsarin ya ninka, domin sau da yawa jijiyoyin jin zafi sun mutu, ba zai ji ciwon ba sai ya ga ruwa ko jini a safa. Jini kuma ba ya gudana sosai, don haka gyambon ba ya warkewa da wuri. Irin wannan gyambo yana iya kaiwa ga ƙashi, har a sake yanke ƙafar daga sama. Wanda aka yanke wa ƙasa da gwiwa yana tafiya da sauƙi fiye da wanda aka yanke wa sama da gwiwa, don haka rasa gwiwa babbar asara ce.

Kuskuren tsawo ko na daidaito ma yana da illa. Ƙafar da ta fi ɗaya tsawo tana jawo ciwon baya da na ƙugu, wadda ba a daidaita ta ba kuma tana sa faɗuwa. A wurin yara, abin tallafi da aka auna ba daidai ba yana iya ɓata watanni na girma waɗanda ba za su dawo ba.

Lasisi ba ya ba da tabbacin cewa ma'aikaci ba zai taɓa kuskure ba. Amfaninsa biyu ne: yana nuna cewa mutum ya kai wani mizani na karatu da horo, kuma yana ba ka wata hukumar gwamnati da za ka kai ƙara idan an cuce ka.

Bambanci tsakanin lasisi da takardar shaidar ƙwarewa

Mutane da yawa suna haɗa waɗannan biyun, alhali kowanne da inda ya fito.

Takardar shaidar ƙwarewa tana fitowa daga hukumomi masu zaman kansu, kuma ana amincewa da ita a duk faɗin ƙasar. Mafi girma ita ce hukumar ABC, wadda aka kafa a 1948. Akwai kuma BOC, wadda aka kafa a 1984. Wanda ya ci jarrabawar ABC za ka ga wasu haruffa a bayan sunansa. CP na nufin mai haɗa gaɓar roba, CO na nufin mai haɗa abin tallafi, CPO kuma na nufin ya haɗa biyun. Iyakar hukuncin da irin wannan hukuma za ta iya yi shi ne ta janye takardarta. Ba ta da ikon rufe wa mutum shago.

Lasisi kuwa daga gwamnatin jiha yake fitowa, kuma doka ce ke bayansa. A jihar da ke da wannan doka, yin aikin ba lasisi laifi ne, ko da mutum yana riƙe da takardar ABC. Hukumar jihar tana da ikon cin tara, dakatarwa, ko soke lasisin gaba ɗaya. A irin waɗannan jihohi za ka ga haruffan LP, LO ko LPO a bayan sunan ma'aikaci. Lasisin jiha ɗaya ba ya aiki a wata jihar. Wanda ya ƙaura daga Filorida zuwa Teksas sai ya nemi sabo.

Dalilin wannan tsari shi ne, a Amurka jihohi ne ke ba ma'aikatan lafiya lasisi, har da likitoci da ma'aikatan jinya. Bambancin kawai shi ne kowace jiha tana ba likitoci lasisi, amma a fannin gaɓoɓin roba jihohi kaɗan ne suka yi dokar.

Waɗanne jihohi ne ke buƙatar lasisi?

Cikin jihohi 50, kimanin 15 ne ke ba da lasisin wannan aiki. Su ne Alabama, Arkansas, Ayowa, Filorida, Ilinoi, Jojiya, Kentaki, Minesota, Niyu Jasi, Ohayo, Oklahoma, Pensilbaniya, Teksas, Tenesi da jihar Washinton. Niyu Jasi ta yi dokarta tun 1991, Filorida da Teksas a 1997, Pensilbaniya a 2012, Minesota kuma a 2016. Manyan jihohi kamar Niyu Yok da Kalifoniya ba su cikin jerin. Ke nan majiyyaci a birnin Histon na Teksas yana da hukumar jiha da ke tsaye a kan mai haɗa masa ƙafa, amma wanda ke unguwar Buronks a Niyu Yok ba shi da irinta, duk da cewa Niyu Jasi da ke tsallaken kogi tana da ita.

Hukumar da ke riƙe da lasisin ma ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma sanin wannan zai rage maka yawo idan kana neman inda za ka kai ƙara:

- A Filorida hukuma ce ta musamman a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta jihar.
- A Jojiya, Oklahoma da Pensilbaniya hukumar likitoci ce ke kula da su.
- A Ayowa, Minesota da Tenesi an haɗa su da hukumar likitocin ƙafa.
- A Teksas an mayar da aikin hannun ma'aikatar lasisi ta jihar, wato TDLR, a 2016.
- A Ohayo an rushe tsohuwar hukumarsu a 2018, aka haɗa su da hukumar da ke kula da masu gashin ƙashi.

Majalisun jihohi suna sauya dokoki lokaci zuwa lokaci, don haka ka duba shafin intanet na gwamnatin jiharka don ganin halin da ake ciki a yau.

Abin da ake nema kafin a ba da lasisi

Sharuɗɗan sun yi kama da juna a yawancin jihohi, domin kusan duka sun jingina da mizanin ƙasa.

Na farko karatu. Sabon shiga a yau sai ya yi digiri na biyu a fannin, a makarantar da aka amince da ita.

Na biyu horon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, wanda hukumar NCOPE ke sa wa ido. Horon yakan ɗauki wata 12 ga fanni ɗaya, ko wata 18 ga wanda ya haɗa biyun a lokaci guda.

Na uku jarrabawa. Ta ABC kashi uku ce: ta rubutu, ta warware matsalolin majiyyata a kwamfuta, da ta gwaji a aikace inda ake kallon yadda ɗalibi ke duba majiyyaci. Yawancin jihohi suna karɓar sakamakon wannan jarrabawa maimakon su shirya tasu.

Na huɗu ci gaba da karatu. Ba a sabunta lasisi sai ma'aikaci ya nuna ya halarci wasu awanni na ƙarin ilimi. ABC ma tana da nata lissafin na ƙarin ilimi a duk shekara biyar.

Akwai abu biyu da za su iya rikita ka. Lokacin da jiha ta kafa sabuwar doka, takan ba tsofaffin ma'aikata lasisi bisa shekarun da suka yi suna aiki, ko da ba su da digiri na biyu. Don haka rashin wannan digiri a wurin dattijon ma'aikaci ba aibi ba ne. Sannan dokokin sukan ware likitoci, likitocin ƙafa da masu gashin ƙashi, waɗanda ke iya sa wasu kayan tallafi da lasisin aikinsu. Ƙananan kaya da ake saya a kantin magani, kamar bandejin gwiwa mai talewa, su ma ba sa buƙatar wannan lasisi.

Kuɗin lasisi: iri nawa ne, kuma ina suke tafiya?

Kowace jiha ke yanke nata kuɗin, kuma tana wallafa jadawalinsa a shafin hukumar. Ga babban ma'aikaci kuɗin yakan kai ɗaruruwan daloli, na mataimaka kuma bai cika kai haka ba. Ire-irensa su ne:

1. Kuɗin neman lasisi, wanda ake biya lokacin miƙa takardu. Galibi ba a mayar da shi ko da an ƙi amincewa.

2. Kuɗin sabuntawa. Wasu jihohi duk shekara ne, wasu kuma, kamar Filorida da Teksas, duk shekara biyu.

3. Tarar jinkiri ga wanda ya bari lasisinsa ya ƙare, da kuɗin farfaɗo da lasisin da ya daɗe da mutuwa.

4. Kuɗin tantance wurin aiki. A Teksas ba ma'aikaci kaɗai ake tantancewa ba, har da wurin da yake ganin majiyyata.

Ban da waɗannan, ma'aikaci yana biyan kuɗin jarrabawa, kuɗin sabunta takardar ABC duk shekara, da kuɗin tarukan ƙarin ilimi. Wanda ke aiki a bakin iyakar jihohi biyu masu lasisi kuwa sai ya biya kowacce.

Yawancin hukumomin lasisi da waɗannan kuɗaɗe suke gudanar da aikinsu. Da su ake biyan masu tantance takardu, masu binciken ƙorafi, da masu kula da rajistar da jama'a ke dubawa a intanet. Wannan ne ya sa kuɗin lasisin wannan fanni yakan yi nauyi idan aka kwatanta da na sana'o'i masu yawan jama'a. Masu haɗa gaɓoɓin roba 'yan kaɗan ne a kowace jiha, kuma hidimar hukuma a kan waɗannan kaɗan ɗin take raba nauyinta. Shi ne kuma dalilin da ya sa wasu jihohi suka gwammace su haɗa su da wata babbar hukuma maimakon su riƙe musu tasu.

Shin majiyyaci ne ke biyan kuɗin lasisi?

A'a. Kuɗin lasisi nauyin ma'aikaci ne ko kamfanin da yake wa aiki. Bai kamata ka ga wani layi a takardar biyan kuɗinka mai suna kuɗin lasisi ba. Idan ka gani, ka nemi bayani a rubuce, ka kuma kira kamfanin inshorarka kafin ka biya.

Idan aka kwatanta da farashin ƙafar roba a Amurka, wanda ke kamawa daga dubban daloli zuwa dubun dubata, kuɗin lasisi ɗan ƙaramin abu ne. Abin da ke sa tsada shi ne irin gwiwa da tafin ƙafar da aka zaɓa, da awannin aikin awo da gyara. Don haka idan wani ya ce maka nasa ya fi araha ne saboda ba ya biyan lasisi, ka san cewa ba nan arahar ta fito ba.

Muhawarar da ake yi a kan lasisi

Ba kowa ne ke goyon bayan dokar ba, kuma yana da kyau ka ji ɓangarorin biyu. Masu goyon baya suna cewa wanda aka yanke wa gaɓa karon farko ba shi da hanyar gane ƙwararre daga ɗan kasuwa, kuma kuskure a nan yana iya cin sauran gaɓar. Masu adawa suna cewa takardar ABC da sharuɗɗan kamfanonin inshora sun riga sun tace ma'aikata, lasisi kuma ƙarin kuɗi ne da takardu da ke hana ma'aikata ƙaura zuwa inda ake ƙarancinsu, musamman karkara. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne, a jihar da ba lasisi, aikin tantancewa ya dawo kanka da likitanka.

Inshora da masu damfara

Inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da masu buƙata ta musamman, wato Medicare, tana biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ta amince da shi, bayan majiyyaci ya cika kasonsa na farkon shekara. Sauran kashi 20 yana kan majiyyaci ko inshorarsa ta biyu. Medicare ba ta biyan kowa sai kamfanin da ya yi rajista da ita, kuma cikin sharuɗɗanta akwai bin dokar lasisin jihar da ake aiki. Idan wanda ya haɗa maka ƙafa ba shi da lasisi a jihar da ke buƙatarsa, ana iya ƙin biya.

Kuɗin da Medicare ke biya na ƙafar roba ya haɗa da awo, gwaji, da gyare-gyaren kwana 90 na farko bayan an miƙa maka ita. Kada ka ji nauyin komawa a gyara maka a cikin wannan lokaci, domin an riga an biya.

Ka yi hattara da masu kiran waya ko tallan talabijin da ke cewa za su aiko maka da abin ɗaure baya ko gwiwa kyauta, lambar Medicare kawai suke so. A watan Afrilun 2019 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta gurfanar da mutum 24 kan irin wannan damfara, wadda asararta ta haura dala biliyan 1.2. Ana aika wa tsofaffi kayan da ba su buƙata, ba wanda ya duba su ido da ido. Illar ba ta tsaya ga gwamnati ba. Idan daga baya ka buƙaci abin tallafi na gaske, ana iya ƙin biya saboda rajista ta nuna an riga an ba ka irinsa.

Yadda za ka tantance ma'aikaci kafin a fara awo

1. Tambayi cikakken sunansa da haruffan da ke bayan sunan. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

2. Idan jiharka na cikin masu lasisi, shiga shafin hukumar ka rubuta sunansa a wurin bincike. Duba ko lasisin yana aiki, ranar ƙarewarsa, da ko an taɓa hukunta shi. Binciken kyauta ne.

3. Duba irin lasisin. Wanda ke da izinin gwada kayan masana'anta ko takalman jinya ba shi da izinin haɗa ƙafar roba.

4. Duba shafin ABC ko BOC don tabbatar da takardar shaidarsa da kuma tantancewar wurin aikin.

5. Tambayi wa zai yi awon da hannunsa. Idan ɗalibi ne mai horo ko mataimaki, wa ke sa masa ido?

6. Tambayi yawan masu irin larurarka da ya saba gani. Haɗa hannun roba ko aikin ƙananan yara yana buƙatar sabo na musamman.

7. Nemi a rubuta maka kuɗin da ke kanka, garantin kayan, da tsarin komawa gyara.

8. Idan turanci na ba majiyyaci wahala, nemi tafinta. Bayanin inda ke ciwo da yadda ciwon yake shi ne abin da mai gyara ke aiki da shi.

Idan jiharka ba ta da lasisi, matakai na huɗu zuwa na bakwai su ne garkuwarka. Ka kuma nemi likitan ƙashi ko mai gashin ƙashin da ke duba ka ya tura ka wurin wanda ya sani.

Alamomin da ke nuna kayan ba su zauna daidai ba

Ka riƙa duba fata duk lokacin da aka cire kayan, ka yi amfani da madubi don ganin bayan dungulmi. Ka koma wurin mai haɗawa idan ka ga:

- jan fata da bai washe ba bayan minti 15 zuwa 20 da cirewa
- bororo, ƙujewa ko tsagewar fata
- ciwo a ƙarshen dungulmi lokacin takawa
- dungulmi yana motsi sama da ƙasa a cikin kwanso, ko kwanson yana juyawa
- sabon ciwon baya, ƙugu ko gwiwa
- ƙara ko sassauci a mahaɗar kayan

Dungulmi yana motsewa a watannin farko bayan tiyata, don haka sassaucin kwanso a wannan lokaci abu ne da aka saba, ba lallai laifin ma'aikaci ba ne. Ƙiba, rama da girman yaro su ma suna sauya zaman kayan. Kada ka yi gyara da kanka ta hanyar cusa tsumma ko kankare kwanso da wuƙa.

Idan fata ta fashe, ka daina sa kayan har sai an duba ka. Idan akwai mugunya, wari, kumburi mai zafi, zazzaɓi, ko fatar ta yi baƙi, ka je asibiti a ranar, musamman idan akwai ciwon suga.

Ina za ka kai ƙara?

Fara da ma'aikacin da shugaban wurin, domin yawancin matsaloli gyara suke buƙata. Ka ajiye hotunan fatar, ranakun zuwa, da duk takardun biya. Idan ba a saurare ka ba, ka rubuta wa hukumar lasisin jiharka. Ba a biyan kuɗi don shigar da ƙara. Hukumar tana hukunta ma'aikaci ne, ba ta cika tilasta a mayar maka da kuɗi ba, wannan kuma sai ta hanyar inshora ko kotu. A jihar da ba lasisi, ka kai ƙara ga ABC ko BOC, kamfanin inshorarka, da sashen kare haƙƙin masu sayayya na ofishin babban lauyan jihar.

Yaya abin yake a Najeriya da Gana?

Ƙarancin waɗannan ma'aikata matsala ce ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da mizanin wannan aiki a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 ne ke buƙatar gaɓar roba ko abin tallafi, kuma ɗaya cikin goma ne kawai ke samu. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, nan ne 'yan kasuwa marasa horo ke samun shiga.

A Najeriya lasisin ba na jiha ba ne, na tarayya ne. Hukumar MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ita ke yi wa masu gashin ƙashi rajista, tare da masu haɗa gaɓoɓin roba da kayan tallafi. Ma'aikaci yana sabunta lasisinsa duk shekara, kuma lasisin yana aiki a kowace jiha, daga Sakkwato har Legas. Kana da damar neman ganin lasisin shekarar da ake ciki. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da Inugu duk suna da sashen wannan aiki, haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da cibiyar da Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta tallafa wajen kafawa. A Gana kuwa majalisar kula da ma'aikatan lafiya masu taimaka wa likitoci, wadda dokar 2013 ta kafa, ita ke ba su lasisi.

Wannan yana da amfani ga iyalan da ke tsakanin ƙasashe biyu. Idan an haɗa wa mahaifinka ƙafa a Amurka kuma zai dawo gida, ku karɓi takardar da ke bayyana sunan kowane sashe na ƙafar da kamfanin da ya yi shi, ku kuma nemi ma'aikaci mai rajista a kusa da gida tun kafin tafiya, domin ƙafar za ta buƙaci gyara. Kuma kada ku sayi ƙafar roba ku aiko da ita ba tare da awo ba. Tafin ƙafa da gwiwa ana iya sayensu a ko'ina, amma kwanso sai an auna shi a jikin mai shi.

Kammalawa

Kafin ka bari a auna ka ko majiyyacinka, ka san abu uku: wace hukuma ce ke tsaye a kan wannan ma'aikaci, takardarsa tana aiki a yau, kuma izininsa ya shafi irin kayan da kake buƙata. Binciken bai wuce 'yan mintoci ba kuma ba a biyan ko sisi. Bayan an miƙa maka kayan, ka ci gaba da duba fata kullum, ka kuma sanar da likitanka da zarar ka ga sauyi.